Surfanin Kwamfuta: Me Ya Sa Suna Ke Nutsewa A Jikin Tawul?

Duk wanda ya saba halartar biki a Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi ya san tawul ɗin rabo. Ana miƙa shi cikin 'yar jaka tare da kofi ko mafici, a bakinsa an surfa sunan amarya da na ango da ranar ɗaurin aure. Ranar da aka raba shi abin sha'awa ne, sabon zare yana ɗaukar ido. Wanki biyu ko uku ne ke tona asiri. Gashin tawul ya leƙo ta tsakanin zare, siraran layuka sun shige ciki, lambobin shekara sun haɗe, in aka juya baya kuma a tarar da guntayen takarda sun cure a ƙarƙashin ɗinki. Sunan da aka kashe kuɗi domin a daɗe ana tunawa da shi, sai an kawo shi dab da ido kafin a iya karantawa.

In uwar biki ta koma shago da ƙorafi, amsar da za ta ji ba ta wuce biyu: "Hajiya, ai tawul ɗin ne ba mai kyau ba," ko kuma "Wallahi haka injin yake fitar da shi." Tawul bai yi laifi ba, inji ma haka. An ɗauki zanen da aka tsara domin shadda ne aka ɗora shi yadda yake a kan yadi mai gashi, ba a canza masa komai ba. Wannan ita ce ɓarakar da ke cikin sana'ar surfanin kwamfuta a ƙasar Hausa yau: an zuba miliyoyin naira wajen sayen inji, an bar sanin yadi a baya. Abin takaicin shi ne, kuɗin toshe ɓarakar bai kai ko kusa da kuɗin injin ba.

Ba a raina alherin da injin ya kawo. A unguwannin teloli irin su Fagge, shagunan da da can ƙarar keken surfani na hannu ake ji, yanzu inji mai kai shida ko goma sha biyu ne ke aiki dare da rana. Aikin wuyan riga da kan ci makonni ana gama shi cikin yini. Matasa da yawa sun samu abin yi, kuma kasuwar ta wuce riga da hula: otal na son tambarinsa a tawul, makaranta na son bajenta a rigar sanyi, amarya na son aiki a karan-miski, mahayin doki na son kwalliya a jalala. Waɗannan sababbin ayyuka su ne suka fito da raunin fili, domin duk yadudduka ne masu kauri, ko gashi, ko tudu da kwari.

Kafin a gane inda matsalar take, sai an san abin da injin ke iya yi da abin da ba ya iyawa. Tun 1828 Josué Heilmann ya ƙera injin surfani a garin Mulhouse na Faransa. A 1964 kamfanin Tajima na birnin Nagoya a Japan ya fara ƙera inji mai kawuna da yawa, a 1980 kuma kamfanin Wilcom na Ostareliya ya fito da tsarin zana surfani a allon kwamfuta. Har yau fayil ɗin da aka fi sakawa a injinan kasuwa shi ne DST na Tajima. Abin da ke cikinsa jerin umarni ne kawai: matsa nan, soka allura, tsallake can, tsaya a canza zare. Ana auna matsawar da kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma taku ɗaya ba ya wuce milimita 12.1. Ko launin zare fayil ɗin ba ya riƙewa, balle ya san irin yadin da ke ƙarƙashin allura. Inji zai yi suka dubu a minti ɗaya a daidai wurin da aka ce masa, ko shadda aka shimfiɗa masa ko bargo. Duk wata shawara game da yadi, mutum ne zai yanke ta tun kafin a danna maɓalli.

Shadda yadi ce mai sauƙin kai ga allura. Saƙarta a matse take, fuskarta a shafe, ba ta talewa, zare na sauka ya zauna a samanta. Shi ya sa siririn layi ke fitowa tsaf a kan shaddar Getzner. Tawul an saƙa shi da wata manufa dabam. Zaren tsayensa kashi biyu ne, ɗaya a ɗame, ɗaya a sake, kuma sakakken ne ke tasowa ya zama dubban ƙananan madaukai masu tsotse ruwa. Daga Turkiyya saƙar ta fito. Wani Bature, Henry Christy, ya gan ta a Istambul, kamfanin gidansu da ke kusa da Manchester ya fara yin ta da inji, aka nuna ta a babban baje kolin Landan na 1851. A yau ana auna tawul da nauyi, daga wajen giram 300 zuwa 900 a kowace murabba'in mita, kuma yawanci gwargwadon nauyinsa gwargwadon cikar gashinsa. Ke nan tawul mai tsada ya fi mai araha haɗiye zare. Mai shagon da ya ce wa Hajiya tawul ɗinta ba mai kyau ba ne, mai yiwuwa kyansa ne ma ya kayar da shi.

Wanda ya taɓa jefa igiya cikin ciyawar damina ya san ba zai ƙara ganinta ba, amma in ya fara shimfiɗa tabarma ya ɗora igiyar a kai, tana nan a fili. Aikin surfani a kan yadi mai gashi bai wuce neman wannan tabarmar ba, kuma hanyoyinsa sanannu ne.

Ta farko ita ce siririyar leda mai narkewa a ruwa, wadda ake shimfiɗawa a saman tawul kafin allura ta sauka. Ana yin ta da wani sinadari mai suna PVA, wanda masana kimiyyar Jamus suka fara haɗawa a 1924. Ledar na danne madaukai, allura ta huda ta, zare ya kwanta a samanta sumul. In an gama sai a yage abin da ya yi saura a gefe, a goge ragowar da jiƙaƙƙen ƙyalle. Wasu shagunan kan maye gurbinta da ledar kasuwa, wadda ba ta narkewa. Ita kuwa maƙalewa take yi a ƙarƙashin zare, bayan kwana biyu gefenta ya fara leƙowa yana kartar fatar mai goge jiki.

Sai dai akwai gaskiyar da ko masu amfani da ledar kirki kan manta: aikinta na ɗan lokaci ne. Da zarar an yi wankin farko ta tafi, madaukai kuma suna nan suna neman hanyar tasowa. Abin da ke riƙe su har ƙarshen rayuwar tawul yana cikin fayil, wato ɗinkin ƙarƙashi. Kafin inji ya cike harafi da zaren da za a gani, ya kamata ya fara bin gefen harafin da layi, sannan ya yi masa ɗinki mai kai-da-kawowa a tsakiya, domin zaren sama ya samu abin hawa. A kan shadda ɗan kaɗan ya wadatar. A kan tawul sai an ninka. In gashin ya yi yawa, gwanaye kan ƙara wata dabara: a fara shimfiɗa ragar ɗinki mara cunkoso da zare mai launin tawul ɗin, wadda ta ɗara zanen faɗi da milimita biyu ko uku ta kowane gefe. Ragar na kwantar da gashin wurin dindindin, sannan suna ya hau kai. Ido ba ya cika lura da ita, amma ita ce ke sa harafi ya tsaya da gefensa a fili bayan shekara ana wanki.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ƙara cunkoson zaren sama domin a rufe gashi da ƙarfin tsiya. Tazarar da aka saba bari tsakanin layin zare da na kusa da shi wajen milimita 0.4 ce. In aka matse ta fiye da kima, zare ya riƙa tsinkewa, wurin ya yi tauri ya ƙi lanƙwasuwa, yadin da ke kewaye ya tattare, gashin kuma bai fasa fitowa ta gefe ba.

Bayan yadi ma yana da nasa haƙƙin. Majinginin da ake sakawa a baya iri uku ne: wanda ake yagewa, wanda ake yankewa da almakashi a bar sauransa a jiki, da wanda ruwa ke narkarwa. Tawul ba ya talewa kuma ana ganin bayansa, don haka mai yaguwa ko mai narkewa ya dace da shi, a kuma naɗa wa kwarkwaro zaren da ya yi kama da launin aikin domin bayan ya yi kyan gani. Tsohuwar jarida ko takardar buhu, da wasu suka gada daga zamanin keken hannu, ba ta da ƙarfin riƙe yadi a gudun injin kwamfuta, kuma ita ce ke komawa dunƙule in ta sha ruwa.

Daga nan sai siffar rubutun kansa, inda Bahaushe ke da damuwa ta musamman. Ko a kan yadi mai santsi, harafin da bai kai milimita biyar ba da ƙyar yake fitowa. A kan tawul sai an ɗaga shi sosai, kuma kowane layi a jikinsa ya samu faɗin aƙalla wajen milimita biyu. Rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe da siraran jela, irin wanda amare ke so a katin gayyata, shi ne farkon nutsewa. To rubutun Hausa yana da ƙugiya. Yawancin haruffan da ke zuwa cikin manhajar zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ, mai zane ne ke ƙara ƙugiyar da hannunsa, kuma sau da yawa da siririn layi guda yake yin ta. Gashi na haɗiye ta, Ɗanladi ya koma Danladi, Ɗahiru ya koma Dahiru. A rubutun Larabci abin ya fi nauyi. Haruffan ba da ta da nun da ya, in suna tsakiyar kalma, siffarsu ɗaya ce, ɗigo ne kaɗai ke raba su: ɗaya a ƙasa, biyu a sama, ɗaya a sama, biyu a ƙasa. Ɗigo ɗaya ya nutse a jikin sallaya ko tawul ɗin walimar sauka, kalma ta canza. Mai zanen da ya san aikinsa zai ƙara wa ƙugiya da ɗigo girma fiye da yadda suke a takarda, ya kuma ba su nasu ɗinkin ƙarƙashi. A ɗaya ɓangaren, layin da ya yi faɗi har zare ɗaya ya miƙe ya wuce milimita bakwai ko takwas shi ma matsala ne, domin zobe ko farce zai fizgo shi. Irin wannan sai a cike shi da gajerun suka.

Zaɓen zare shi ma na da alaƙa da rayuwar da kayan za su yi. Zaren rayon ya fi ƙyalli da laushi, shi ya sa ake son sa a wuyan riga. Amma ba ya jure bilic. Tawul ɗin otal da na asibiti da na shagon aski kullum cikin ruwan zafi da bilic suke, don haka zaren foliyesta ne nasu. Otal ɗin da tambarinsa ya koɗe cikin 'yan watanni, tun ranar zaɓen zare aka cuce shi.

Karan-miski wani babi ne, kuma a nan asara ta fi ciwo saboda tsadar yadin da darajar masu sa shi. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk wanda ya tsaya kallon Hawan Daushe ya ga yawan yadi mai nauyi da aikin zaren gwal da ke jikin mahaya da dawakai, daga alkyabba zuwa jalala. Gashin karan-miski yankakke ne, a tsaye yake, kuma in aka matse shi tsakanin zoben firam biyu yadda ake yi wa shadda, da'irar da firam zai bari sau da yawa ba ta gogewa har abada. Hanyar da ta dace ita ce a ɗaure majingini kaɗai a firam, mai ɗanko a fuskarsa, a kwantar da karan-miskin a kai, inji ya zagaye wurin aikin da dogon ɗinkin riƙo wanda za a warware daga baya. Akwai kuma firam mai maganaɗisu, wanda ke riƙe yadi mai kauri ba tare da an tura shi cikin zobe da ƙarfi ba, ko da yake shi ma sai an gwada shi a ƙyalle tukuna.

Ruwa kan ɓata wasu nau'o'in karan-miski, dutsen guga kuma yana kwantar da gashinsa. Saboda haka ledar sama a nan yage ta ake yi a hankali, a tsince ragowar da hantsaki. Gashin yana da inda yake kwantawa, in aka shafa shi ta wani gefe ya yi duhu, ta ɗayan ya yi haske, don haka ɓangarori biyu na gaban alkyabba dole su fuskanci hanya ɗaya a inji, in ba haka ba za su fito kamar yadi biyu dabam. Zaren gwal kuwa siririn ƙarfe ne aka naɗe a kan zaren tsakiya, yana saɓulewa in ya sha gogayya. Yana buƙatar allura mai faffaɗar kafa, kamar lamba 90/14, da rage gudun inji zuwa wajen rabin abin da aka saba. Kuma karan-miski ba ya yafe warwara: duk inda allura ta shiga aka zare, tabo ya zauna. Shagon da ya ɗora yadin mutum a inji ba tare da ya yi gwaji a ƙyallensa ba, caca yake yi da dukiyar wani.

Da hunturu ya shigo, aikin kan koma rigunan sanyi. Makarantu a Jos da Zariya da Funtuwa na ba da ɗinkin suwaita da rigar filis mai baje a ƙirji. Filis, wato yadin nan mai laushin bargo da kamfanin Malden Mills na jihar Massachusetts a Amurka ya fito da shi kasuwa a farkon shekarun 1980, ya haɗa wahala biyu: yana da gashi kuma yana talewa. In yaron shago ya ja shi ya ɗame a firam, aikin zai yi kyau a kan inji, amma da an kwance sai yadin ya koma yadda yake, baje ya tattare. In aka sa masa majingini mai yaguwa, allura ta riga ta huda shi ko'ina, wanki kaɗan zai wargaje, da'irar baje ta karkace. Yadi mai talewa majinginin da ake yankewa a bari yake so, wanda zai riƙe aikin muddin rigar na raye. Allura ma dabam ce. Mai kaifin baki na yanke zaren saƙa, ƙaramin rami ya buɗe ya yi ta tafiya. Mai dunƙulen baki, kamar lamba 75/11, ture zaren take yi ta wuce ta tsakani. In kuma suwaitar mai manyan ido ce, kuma bajen cike yake da ƙananan rubutu na taken makaranta, gaskiyar da ya kamata mai shago ya faɗa wa shugabar makaranta ita ce a surfa bajen a kan wani yadi mai santsi, a yanke, a ɗinka shi a rigar.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin shadda ta cika kasuwa, a kan saƙi da tsamiya ake yin aska takwas da aska biyu da malum-malum. Saƙi ƙananan ƙwarya ne na masaƙa aka haɗa gefe da gefe, kowace mahaɗa tudu ce, zaren kaɗin hannu kuma wani wuri kauri wani wuri siranta. Mai zane ya zana, mai ɗinki ya zauna wata da watanni, yatsansa na jin inda allura ta ci tura, yana sassauta zare a kan tudu yana ɗame shi a kwari. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi dogon nazari a kan wannan sana'a a shekarun 1970, kuma a birnin Zariya ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu ta Queen Amina Embroiderers, wadda aka kafa a 1994, ta ci gaba da riƙe ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan masu ɗinki da zai yi wa saƙi irin riƙon da yake yi wa farin yadi. Abin da inji ya canza shi ne lokacin yanke shawara. Mai ɗinkin hannu yana gyara a kowace suka, mai kwamfuta kuwa dole ya hango komai tun a allo. Yanzu da saƙi ke dawowa a kayan angwaye da na mata, mai zane na bukatar ya kauce wa mahaɗa inda zai yiwu, ya yi layuka masu kauri da ba za su faɗa tsakanin tudun saƙa ba, mai inji kuma ya rage gudu in allura ta kusa mahaɗa.

To me ya hana a yi? Dalili na farko shi ne yadda fayiloli ke yawo. Zane ɗaya zai bi WhatsApp da filas daga shago zuwa shago, babu wanda ya san wanda ya tsara shi ko yadin da ya nufa. Ana ƙara masa girma ko a rage a allon inji, alhali DST adadin sukarsa a ƙayyade yake: in an buɗa shi zare ya yi gibi, in an matse shi ya cunkushe. Na biyu, koyon sana'ar ya tsaya a zura zare, ɗaura firam da danna maɓalli. Yaro zai shekara biyu a shago bai taɓa buɗe manhajar zane ya ga ɗinkin ƙarƙashi da idonsa ba. Na uku gaggawa ce. A goman ƙarshe na azumi, janareta na shan mai, kaya sun taru har rufi, mai shago na ganin kowane minti na gwaji asara ne.

Masu shago suna da hujjar da ya kamata a saurara. Sukan ce mai kawo tawul ɗari biyu na rabo farashi mafi ƙasa yake nema, in ka ƙara masa ko sisi ya tsallaka shagon gaba. Gaskiya ne, kuma masu saye su ma su tuna cewa araha ba ta ado. Amma a yi lissafi. A ɗauka suna yana da suka 5,000, inji na gudun 700 a minti: wajen minti bakwai ke nan. A ƙara masa suka 2,000 na ɗinkin ƙarƙashi da ragar kwantar da gashi, an ƙara minti uku. A inji mai kai shida, wannan minti ukun na tawul shida ne gaba ɗaya. Gyaran fayil sau ɗaya ake yi, ya yi wa dukan ɗari biyun aiki, ledar sama kuma ɗan yanki ne daidai tafin hannu ga kowane tawul. A ɗaya gefen ma'auni akwai otal ɗin da ba zai dawo ba, makarantar da za ta kai aikin baɗi wani wuri, da karan-miskin da za a biya mai shi. Tawul ɗari biyu kuma gidaje ɗari biyu suke shiga, kowanne yana shaidar aikin shagon.

Injin kansa yana biyan kuɗin sakaci. Tawul da filis na zubar da burbushin gashi da ke taruwa a gidan ƙoshiya, ya ɓata daidaiton zaren ƙasa. Yadi mai kauri a cikakken gudu yana lanƙwasa allura, ta bugi ƙugiyar da ke ɗaukar zare ta yi mata kaushi, daga nan zare ya yi ta tsinkewa a kowane aiki har sai an kira makaniki. Rage gudu, ɗaga ƙafar danne yadi daidai kaurinsa a injinan da ke ba da damar haka, da share gidan ƙoshiya bayan kowane zagaye, sun fi sauƙi a kan jiran kayan gyara daga waje.

Gyaran yana hannun mutane da yawa. 'Yan kasuwar da ke shigo da zare da allura, a Kantin Kwari da sauran kasuwanni, su ajiye ledar mai narkewa da majingini iri-iri da allura mai dunƙulen baki a ƙananan ƙunshi da ƙaramin shago zai iya saye, su kuma iya bayanin amfanin kowanne. Masu shago su riƙa ajiye fayil dabam ga kowane yadi, a rubuta a sunansa: na shadda, na tawul, na filis. Masu ba da aiki mai yawa, makaranta ko otal ko asibiti, su sa sharaɗin a fara yi musu guda ɗaya, su wanke shi sau da dama, su duba gaba da baya, kafin a taɓa sauran. Hukumomin horaswa irin su ITF, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, da NBTE da ke Kaduna, wadda ke kula da tsarin shaidar ƙwarewar sana'o'i, su ɗauki zanen surfani a kwamfuta a matsayin sana'a mai zaman kanta, da darasin yadi a cikinta, a koyar da shi da Hausa.

Ƙungiyoyin teloli kuwa ba sa bukatar jiran kowa. Su ne ke halartar yayen yara a shaguna, kuma suna iya sa ƙa'ida guda tun bana: kafin a yaye mai koyon inji, a ba shi ƙyalle huɗu, shadda da tawul da karan-miski da filis, ya fitar da suna ɗaya mai ƙugiya a kan kowanne, shi zai gyara fayil, shi zai zaɓi allura da majingini. A wanke waɗanda ke wankuwa, a shanya, sannan manyan sana'a su duba su sa hannu a takardarsa.